Abin da Sito Bai Sani Ba

Sharifa Maiwada 'yar Kwangila ce a nan Minna, gidansu na uku daga layin dogo in ka baro tasha. Kakanta, Malam Abubakar Siddiƙ, jirgin ƙasa ne ya kawo shi daga Kano yana saurayi, ya kama aiki a siton reluwe, ya shekara talatin da ɗaya makulli na rataye a ƙugunsa. Tsofaffin gidan sun ce ba mai yawan magana ba ne, amma ko noti ɗaya ba a ɗaurawa a kan jirgi sai ya bi ta hannunsa, ya san daga inda ya fito da inda zai zauna. Ɗansa Maiwada bai gaji aikin ba, don kafin ya tasa reluwe ta yi sanyi, sai ya koma gyaran keken ɗinki a bakin kasuwa. Shi Maiwada mutum ne mai sauƙin kai, in bai samu ƙarfen da ya dace ba sai ya goge wani ya cusa. Halin kakan ya tsallake shi, ya sauka kan 'yarsa ta biyu.

Tun tana firamare ita ke jera masa kayan aiki a gwangwanayen madara, kowanne da irinsa, in ya maido allura gwangwanin da ba nata ba sai ta bi shi da ido har ya gyara. Da ta gama sakandare ta yi kwas ɗin kwamfuta na shekara biyu a Bosso, ta zauna buga takardu a wani shago kusa da Mobil, ta yi aure, ta haifi Yasmin. A shagon nan ne ta gaji da kwamfutar da kullum cuta ke kama ta daga filashin mutane, ta goge ta tas ta ɗora mata wani tsarin tafiyar da kwamfuta mai suna Linux. Abin da ya ja ta ga Linux abu ɗaya ne. A can ba a yawon tsintar manhaja a shafuka. Akwai sito guda, mai tsaronsa wata manhaja ce da ake kira apt. Ka faɗa masa abin da kake so, ya ɗauko, ya haɗo da duk abin da zai buƙata, ya rubuta inda ya ajiye kowane fayil. Kayan siton ba sa zuwa sababbi fil, sai an gwada su tare an ga babu mai taka wani. Mutane na ƙorafin cewa tsofaffi ne. Ita kuwa wannan ne ya kwantar mata da hankali.

A shekarar 2019 ta samu aiki a ɗakin gwajin jini na Madam Rachael a Maitumbi, ɗaki biyu da baranda, tsallaken titi daga wani ƙaramin asibitin haihuwa. Madam Rachael, da kowa ke kira Maman Destiny, ita ce mai wurin kuma ita ce mai gwajin. Sharifa ce mai kwamfuta: rajistar masu zuwa, ajiye sakamako, firinta. Akwai injin ƙirga ƙwayoyin jini da Madam ta saya na hannu, allonsa ya mutu tun kafin ya cika shekara. Injin na aiki lafiya lau, sai dai ba shi da bakin faɗa. Ta wata waya yake turo lambobinsa cikin kwamfuta, kuma abin da ke karanta su wata 'yar manhaja ce da wani Banufe mai suna Ndayako ya rubuta da harshen Python.

Shi Python yana da nasa mai kawo kaya, sunansa pip, kuma ba ya bi ta sito. Kai tsaye yake zuwa wurin masu rubuta kayan, ya ɗauko na jiya-jiya, ya ajiye a nasa lungun. Ranar da Ndayako ke haɗa aikin, Sharifa na tsaye a bayansa ta ga ya shigo da abubuwa huɗu ta wannan hanya.

"Injiniya, me ya hana ka ɗauko daga sito?"

"Sitonki? Abin da ke ciki ya girmi Yasmin. Ni yau nake son aiki, ba baɗi ba."

"In wani abu ya taso fa, wa ya san abin da ka saka?"

"Ni na sani."

"Kai kullum kana nan?"

"Ina da waya, Hajiya mai sito."

Sunan ya bi ta, har Madam takan kira ta da shi. Shekara biyar manhajar na aiki ba ko tari, har ita kanta Sharifa ta daina tuna yadda aka yi ta shigo.

Sai wa'adin Linux ɗin da ke kan kwamfutar ya zo ƙarshe, wato masu shi sun kusa daina turo gyaran tsaro. Abin ya tsaya mata a rai, don a cikin kwamfutar nan akwai sirrin mutane da ko matansu ba su sani ba. Wata Asabar da rana, bayan Madam ta kashe injin ta tafi biki Maikunkele, Sharifa ta kwafe duk sakamakon mutane a wani faifai, sannan ta tambayi sito ko akwai abin da sabuntawa za ta ɓata. Ya jero mata abin da zai cire da abin da zai saka, ta bi layi-layi da yatsa, ba ta ga abin tsoro ba. Ta sabunta. Ta gwada rajista, ta buɗe. Ta gwada firinta, ya buga. Injin jinin ne kawai ba ta gwada ba, don Madam ba ta yarda a ɓarnatar da ruwan gwajinsa a banza. Ta kulle ta hau keke ta tafi gida da farin ciki.

Litinin da safe, tara da rabi ta ɗan gota, wani mutum ya tsallako titi da kwalbar jini a dunƙule cikin hannunsa kamar za a ƙwace masa. Shekwolo sunansa, manomin doya daga bayan Maitumbi. Matarsa Mary na kwance a asibitin tsallake da cikin wata tara, jininta ya hau, ƙafafunta sun kumbura. Wayar likita ta riga shi isowa. Madam ta saurara, ta ajiye, ta yi wa Sharifa bayani a gurguje tana sa safar hannu: aiki za a yi a ciro jaririn, amma likita ba zai yi mata allurar ƙashin baya ba sai ya san yawan ƙwayoyin da ke daskarar da jini. In sun yi ƙasa, allurar na iya jawo zubar jini a inda ba a gani. Zai jira har sha ɗaya. In takarda ba ta zo ba, zai sa ta a mota zuwa babban asibiti cikin gari, ga cunkoson Litinin, ga shi yana tsoron jijjiga ta kama ta a hanya.

Madam ta ba injin jinin. Ya zuƙa, ya yi gurnaninsa na kullum, ya yi shiru. Sharifa ta danna manhajar Ndayako. Tagarta ta buɗe a allon ta rufe kamar ƙiftawar ido. Ta sake dannawa. Haka.

Ta buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni ta kira manhajar da hannu. Layi ɗaya ya fito: ba a sami abin da ake nema ba. Sunan ɗaya daga abubuwa huɗun nan ne. Nan take ta gane. Sabuntawar ta cire tsohon Python ta kawo sabo, sabon kuma ba ya leƙa lungun tsohon. Sito bai yi mata ƙarya ba ranar Asabar. Bai san da kayan ba ne.

"Mene ne?" in ji Madam.

"Ba ta karantawa."

"Wa ya taɓa?"

"Ni ce, Mama. Ranar Asabar."

Madam ta dube ta, duban da ya fi zagi. Ta raba jinin biyu, ta leƙa baranda ta kira wani mai keke da ta sani, ta ba shi rabi ya kai wani ɗakin gwaji a cikin gari. Da ta dawo ta ce, "Wancan ba zai fito ba sai ƙarfe ɗaya. Kira mutumin naki."

Sai a kira na uku Ndayako ya ɗauka. Yana Zungeru, ana ja wa wata makaranta wayoyi, muryarsa na zuwa tana ɗaukewa.

"Hajiya mai sito, yau kuma..."

"Injiniya, ba wasa. Akwai mace da ke jiran tiyata." Ta faɗa masa cikin numfashi ɗaya.

Ya ce, "Kin sabunta ba ki tambaye ni ba?"

"Na tambayi sito."

"To sito ya ba ki sakamakon mana." Ya ja tsaki, sai kuma ya sauko. "Abeg, yi haƙuri. Rubuta pip, ki sa sunayen nan huɗu."

Ta kunna datar wayarta ta haɗa da kwamfutar, ta rubuta. Sabon Linux ɗin ya ƙi. Ya ce wannan wurin na sito ne, pip ba shi da izinin ajiye kaya a ciki.

"Akwai wata kalma da ake ƙarawa a ƙarshe," in ji Ndayako. "Tana fasa ƙofar. Sa ta kawai."

Agogon bango ya nuna goma da minti biyar. Yatsunta na kan madannai. Ta san kalmar. Ta kuma san cewa in ta fasa, kayan pip za su hau kan na sito, rajista da firinta kuwa dukkansu da Python suke tafiya, in abin bai yi ba kuma ba ta da hanyar komawa kafin sha ɗaya.

"Ba zan fasa ba. Zan yi masa ɗakinsa daban."

"Lokaci, Sharifa."

"Minti uku ne. In ya lalace in share in sake wani."

Ana iya keɓe wa manhajar Python wuri nata ita kaɗai, pip ya zuba abin da ya ga dama a ciki ba tare da ya taɓa na kowa ba. Abin da ke gina irin wannan ɗaki kuwa sai daga sito ake samunsa. Ta roƙi apt, ya kawo. Minti ukun suka zama bakwai, don sabis na Maitumbi ya zaɓi wannan lokaci ya yi rarrafe. Ta gina ɗakin, ta kira pip a ciki, ya kawo abubuwa huɗun, sababbi fil. Ta kira manhajar. Taga ta buɗe, ta tsaya, Madam ta matso. Sai jan rubutu ya cika allon.

Ta karanta masa. Ya ce, "Kai. Sun canja sunayen abubuwa a sabon. Sai irin na wancan lokacin, kowanne da lambarsa."

"Wace lamba?"

"Shekara biyar fa. Yana cikin laftof ɗina, laftof ɗin na gida a Tunga."

"Ka ce ka sani."

"Na ce ina da waya."

Wayar ta yanke.

Shekwolo ne a bakin ƙofa, ya cire hularsa yana murɗa ta. Ya je asibitin ya dawo. "Sista, likita ta ce in tambaya. Matata yana cewa yana ganin wuta-wuta a ido."

"Zauna, Baba. Yanzu," in ji Madam, ta kama kafaɗarsa ta kai shi benci. Bai zauna ba. Ya tsaya daidai taga, inda yake ganin bayan Sharifa.

Goma da minti ashirin da biyar. Sharifa ta ɗora hannu biyu a kan teburin ta tilasta wa kanta yin tunani a hankali. Sito ya cire tsohon Python, gaskiya ne. Amma sito ba ya share sai abin da shi ya rubuta. Abin da bai san da shi ba, bai gargaɗe ta a kansa ba, to kuma ba zai share shi ba. Ta shiga cikin kwamfutar, folda bayan folda, har lungun da pip ke ajiya a da. Suna nan. Ba wanda ya taɓa su tun 2019, kuma kowace folda na ɗauke da sunanta da lambarta a jiki.

Ta share ɗakin farko ta gina wani. Ta kwafi lambobin ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa a fili kada ta yi kuskure. Na farko ya shiga. Na biyu ya shiga. Na uku ya tsaya a tsakiya, sabis ya ɗauke, ta ɗaga wayar sama wajen taga, Shekwolo ya miƙo hannu ba tare da an tambaye shi ba ya riƙe ta ta waje, can sama da kansa. Ya shiga. Na huɗu ya sauko, ya yi ta juyi, sannan ya ƙi. Ya tsufa da yawa, ba ya zama da sabon Python.

Ta karɓi wayar ta sake kira. Goma da minti talatin da takwas.

"Wanne ne ya ƙi?" in ji Ndayako. Ta faɗa. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba. "Wannan kwalliya ce kawai. Shi ke zana takardar da tambarin Madam. Buɗe manhajar. Layi na shida, ki sa alamar shiru a gabansa don a tsallake shi. Sannan can ƙasa, inda na ce a zana..."

"Layi na nawa?"

"Wajen... ki nemi inda..."

Shiru. Ta sake kira, aka ce ba a samun lambar.

Tunda take, ba ta taɓa sa hannu a cikin rubutun manhajar wani ba. A wurinta wannan daidai yake da buɗe jakar baƙo. Ta buɗe. Ta rufe bakin layi na shida. Ta gangara ƙasa, rubutun Ndayako a hargitse, ba bayani ko ɗaya. Wuri biyu ta ga sunan abin. Ɗaya yana sama da inda ake karɓar lambobi daga inji, ɗaya yana ƙasa. Ta karanta na saman sau uku har ta tabbata shirya takarda kawai yake yi, ba ya taɓa lambobin. Ta rufe su duka biyun, ta ƙara layi ɗaya nata da ke cewa a nuna abin da ya zo a allo yadda yake.

"Mama, a sake ba shi."

Madam ta ɗaga kwalbar ta duba abin da ya rage. Zai yi sau biyu, da ƙyar. Ta ba injin. Ya zuƙa, ya yi gurnani. A baƙin allon layi ɗaya ya fito, lambobi goma sha takwas a jere, ba suna, ba komai, waƙafi ne kawai a tsakaninsu.

"Wanne ne?" in ji Sharifa.

Madam ta ja aljihun tebur ta zaro wata tsohuwar takardar sakamako, ta ɗora kusa da allon. Ta bi jerin da farce tana ƙirgawa, ta koma allon ta ƙirga. Ta duba na sama da shi da na ƙasa da shi ta ga sun yi kama da abin da ya kamata su zama. Ta tsaya a kan sittin da takwas.

"Ya yi ƙasa," ta ce a hankali. "A sake."

"Mama, saura minti tara."

"Ba zan faɗa wa likita lambar da na gani sau ɗaya ba, a kan baƙin allo. A sake."

Sauran jinin ya tafi. Minti ɗaya da rabi injin ke ɗauka, Sharifa ta san haka tun da daɗewa, amma ba ta taɓa jin tsawonsa ba sai ranar. Saba'in da ɗaya.

Madam ta kira likita tana tsaye. Ta faɗi lambobin biyu, ta saurara, ta ce to, ta ajiye. Ta juya ga Shekwolo ta yi masa magana da yarensu, da sauri, sannan ta maimaita da Hausa saboda Sharifa: ba za a yi allurar baya ba, za a sa ta barci gaba ɗaya, kuma likita na son mutum biyu masu ba da jini su kasance a kusa. Shekwolo ya sa hularsa ya fita da gudu, ya bar takalminsa ɗaya a baranda. Madam ta rubuta sakamakon da biro, ta buga hatimi, ta tsallaka da kanta.

Sharifa ta zauna ita kaɗai. Mutum uku na jira a benci da takardun gwajin zazzaɓi, ta yi musu rajista, har ta rubuta sunan wata sau biyu. Ta yi azahar a ɗakin ciki. Mai keken ya dawo ɗaya da kwata da takardar cikin gari, saba'in, ta ajiye ta a kan tebur ta danne da kofi.

Wajen ƙarfe biyu Madam ta shigo, ta cire takalmi ta zauna a kujerar masu ba da jini.

"An ciro. Mace. Tana kuka."

"Uwar fa?"

"Ba ta farka ba tukuna. An ƙara mata jini leda ɗaya." Ta rufe ido. "Da an yi mata allurar nan a makance, ko da ta tafi a mota... Bar shi. Sharifa, daga yau ko hoton allo za ki canja, ki gwada injin nan. Ruwan gwajin nawa ne, ba naki ba."

"To, Mama."

"Shi kuma wancan na Zungeru, ki ce ya zo ya same ni."

La'asar ta yi, ba labari. Sharifa ta kira gida ta ce a ɗauko Yasmin daga Islamiyya, ita za ta daɗe. Ta ja kujera bakin taga inda take hango ƙofar asibitin. Biyar saura, Shekwolo ya fito, auduga manne a gwiwar hannunsa, ya tsaya a bakin titi yana jiran motoci su wuce. Daga nesa ba ta iya karanta fuskarsa ba. Ya tsallako, ya tsaya a baranda.

"Sista," ya ce, "matata ya buɗe ido. Ya tambaya ruwa."